Duwatsun Gwaggo

Akwatunan zuman Gwaggo sun kwana a gindin itatuwan gabashin gari, amma gari bai waye da su ba. Ta je da sassafe da bokitin ruwa kamar kullum, sai ta tarar da ginshiƙan simintin da take ɗora su a kai tsaye wayam. Wasu 'yan ƙudan zuma da suka kwana a waje suna ta zagaye wurin, sun rasa ƙofar gida. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye bokitin, ta zauna a kan ginshiƙi ɗaya, a nan masu wucewa gona suka same ta.

Kafin hantsi gari ya gama yanke hukunci. Wa zai yi in ba Dogo ba? Shi ne ya shuka sabon irin audugar nan da aka sauya wa halitta a ɗakin gwaji, wadda tsutsa in ta ci take mutuwa, kuma gonarsa tana jifa ɗaya da itatuwan. Bara dillalin zuma ya dawo wa Gwaggo da ganga guda, ya ce an gwada an ga garin furen audugar a ciki, masu saye kuwa ba sa son ko ƙanshinsa. Tun ranar gwaggo da ɗan ƙaninta suka daina gaisawa. Kowa ya ji ta a bakin kasuwa tana cewa ko ita ko audugar, kowa kuma ya ji shi yana cewa zai ga ƙarshen maganar kafin fure ya buɗe.

Shugaban ƙungiyar masu zuma ne ya je ya kira Mai-Sawu, yana tafe yana jan ƙafa, don Mai-Sawu shi ne uban Dogo, shi ne kuma ƙanin Gwaggo.

"Da akwai wani mai bin sawu a garin nan da ba mu dame ka ba," in ji Shugaba. "Samari sun fito da fartanya. Na roƙe su su jira zuwa la'asar. In ba a samu ɓarawo ba, wallahi audugar nan ba za ta kwana a ƙasa ba, kuma 'yan sanda za su zo su tafi da yaron."

"Kana tsoron zan rufa wa ɗana asiri?"

"Ni ban ce ba."

"Fuskarka ta ce." Mai-Sawu ya ɗauki sandarsa. "Na gano raƙumin da aka sace ya ƙetare kogi. Na gano matar da ta ɓata a daji da goyo. Ban taɓa nuna sawu na ce na wane ne a zo a tarar ba shi ba. Ɓarawo a hannu, maye a baki. Ku je ku ce wa masu fartanya ɗana ba ɓarawo ba ne, kuma kafin la'asar zan kawo musu wanda ya yi."

Mutum ne mai ji da kansa, wannan ba wanda zai musa. Sai dai yana da abin ji da kan, shi ya sa ake haƙuri da shi.

* * *

Ya kori jama'a baya, ya tsuguna. Ya daɗe a tsugune har wasu suka fara zaton barci ya kwashe shi.

Ƙasar ba ta ce masa komai ba, abin da ya fara tayar masa da hankali ke nan. Mutum ba ya ɗaukar akwati mai nauyin buhun hatsi ya kasa barin diddige. Amma an share wurin da reshe mai ganye, mai sharar yana tafiya da baya, kuma bai yi shara mai layi irin ta tsakar gida ba, ya bi yadda iska take kwantar da yashi. Sannan ya ɗebo busasshen ganye ya warwatsa, ya juya gefen da rana ta ƙona yana kallon sama. Haka aka yi har zuwa kan tsandaurin da ya haɗe da titi, inda ko giwa ba za ta bar sawu ba.

"Kai!" in ji Mai-Sawu, bai san ta fito ba. Aikin ya burge shi, ya kuma ji haushin da ya burge shi. Zuciyarsa ta fara raɗa masa wata magana, ya ce ta yi masa shiru.

Gwaggo tana nan inda take.

"Yaya, wa kike zato?"

"Ni zan yi maka aikinka? In na iya duba ƙasa me zai sa a kira ka?" Ta gyara mayafi. "Mijina ne ya kafa ginshiƙan nan da hannunsa. Ɗanka ya zo har ɗaki yana cewa in kwashe zumata in kai bayan dutse sai audugarsa ta gama fure. Ni! Na ce zumata ta riga audugarsa zuwa, wanda ya zo daga baya shi ke matsawa."

"To kina ganin shi ne?"

Ta bi 'yan ƙudan da ke zagaye da kallo.

"Yaron da na goya," ta ce. "In ya ƙone mini su, kada ka faɗa mini a gaban mutane."

A bakin titi ya sami abu biyu da ba a share ba: tayar ƙaramar motar kaya mai faci a ƙafar baya, da sawun takalmin roba wanda diddigen hagunsa ya cinye. Ya san masu su kamar yadda ya san yunwar cikinsa. Ya miƙe da ƙarfinsa, har da 'yar murmushi.

* * *

Dillali yana cikin rumfarsa a tsakanin ganguna, yana goge mazurari.

"Motarka ta tsaya a gabashin gari."

"Ta tsaya. Jiya da rana. Na je in roƙi yayarka ta ji magana."

"Ko ka je ka ƙirga abin da motar za ta iya ɗauka?"

Dillali ya yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, ni da zuma sai in tana cikin ganga. Ɗaya ta harbe ni sai an kai ni asibiti, tambayi kowa. Kuma me zan yi da akwati? Abin da na faɗa mata shi zan faɗa maka. Masu saye sun ce in aka sake ganin garin furen nan bana, ba ita kaɗai ba, ƙungiyar duka za su bari. Ni ban ce audugar tana kashe mutum ba, ban ce ba ta kashewa ba, ba karatuna ba ne. Ni dai na san wanda ke saye ya ce ba ya so. Zuma kuwa ba ta san iyakar gona ba, ba a kuma ɗaure ta da igiya."

"Dogo ya san da wannan?"

"Shi na fara faɗa wa. Ya tsaya a nan inda kake, ya tambaye ni nisan da ƙudan zuma ke kaiwa kiwo. Na ce ya tambayi gwaggonsa."

Mai-Sawu ya fita ya leƙa bayan motar. Ƙurar jiya tana kwance a kai, har kaji sun bar sawu. Ba abin da aka ɗora mata. Ya tafi ba tare da sallama ba.

* * *

Saura mai takalmin roba. Kafinta ne, shi ke ƙera wa ƙungiya akwatuna, shi ma yana da nasa a bayan shago, kuma duk gari an san Gwaggo ta taɓa ce masa a gaban taro hannunsa na katako ne, ya bar zuma ga masu ita. Biri ya yi kama da mutum.

Ya tarar da shi da abin hayaƙi a hannu yana shirin matsar da akwati zuwa inuwa.

"Na je da safe," in ji Kafinta tun kafin a tambaye shi. "Na ji labari na je in gani da idona. Ba zan ɓoye maka ba, da farko har daɗi na ji. Da na ga tsohuwar zaune a kan siminti sai daɗin ya koma ciki. Kama mini nan, Baba, tunda Allah ya kawo ka."

Ya ture dutsen da ke kan murfin da bayan hannu, dutsen ya faɗi ya gangara cikin ciyawa. Suka kinkimi akwatin suka kai gindin bango. Kafinta ya sa ƙafa ya jawo rabin bulo ya ɗora a kai.

Mai-Sawu ya tsaya yana kallon dutsen da aka yar.

"Ba za ka mai da shi ba?"

"Wanne? Ai don iska ne kawai, kada ta yaye murfi. Wa zai ƙara wa kansa nauyi? Yayarka ce kaɗai ke hira da duwatsu a duniyar nan. In ta kwantar da shi a tsakiya, wai gida lafiya. In ta tsayar, wai sarauniya ba ta ƙwai. In ta kai shi kusurwa, wai an kusa ɗiba. Kowane akwati da nasa dutsen, kuma ba ta koya wa kowa. Na taɓa tambayarta, ta ce in je in yi hira da ƙusa."

Mai-Sawu ya san duwatsun. Ya taɓa ɗauke ɗaya ya zauna a kai, Gwaggo ta yi masa wankin babban bargo kamar yana ɗan shekara bakwai. Ya lumshe ido ya sake kallon gindin itatuwan a zuciyarsa: ginshiƙai, bokiti, ganye. Ya duba ƙasar nan taku bayan taku yana neman abin da aka bari, bai tambayi abin da ya kamata a bari ba. Babu dutse ko ɗaya.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba ta koya wa kowa ba. Akwai wanda ta koya wa, tun yana riƙe mata abin hayaƙi da hannu biyu bayan rasuwar uwarsa.

* * *

Dogo yana ba shanu dusa a garke. Ya ga ubansa ya rusuna.

"Sannu da rana, Baba."

Mai-Sawu ya wuce shi. Ya zagaya amalanke. An wanke ta tas, har ƙusoshin taya. Ya ɗaga ƙafar bijimin dama, an goge kofaton. Ya ɗaga ta na hagu, haka. Sai ya sa tsinke a can cikin tsagar kofato, inda tsumma ba ya kaiwa, ya zaƙulo jar laka kamar ƙwayar gero. Jar laka wuri ɗaya take a duk yankin, gonar marigayiya matarsa, uwar Dogo, da ke bayan dutse, wadda ba a noma ba tun da ta rasu.

Ya ɗora lakar a tafin hannu ya nuna masa.

"Na koya maka tsagar kofato."

"Ka koya mini, Baba. Bijimin ne ya ƙi tsayawa."

"Ƙudan suna da rai?"

Dogo ya ɗago kai a karon farko, kuma abin da ke idonsa ba tsoro ba ne, ɓacin rai ne. "Baba, kai ma?"

Kunya ta kama Mai-Sawu, amma bai bari ta fito fuska ba.

"Ka san abin da zan yi da la'asar."

"Na sani. Na share sawun ne don in samu kwanaki kaɗan, fure ya buɗe suna can. Da Gwaggo ta gano yau za ta dawo da su yau. Ban yi zaton Shugaba zai iya kallon idonka ya kira ka ba."

"Da safe na tsaya a gaban mutane na ce ɗana ba ɓarawo ba ne."

"Ai kuwa ba ka yi ƙarya ba."

Mai-Sawu ya juya ya fita. Yana iya cewa sawu ya ɓace a kan tsandauri, ba wanda zai ƙaryata shi, don ba wanda ya kai shi sani. Amma in ya faɗi haka fartanya za ta shiga gona, in kuma ya faɗi gaskiya da bakinsa zai sa wa ɗansa sunan da ba ya wankuwa. Ya yi tafiya mai nisa a bakin titi, sandar tana yi masa nauyi.

* * *

Da la'asar ɗakin ajiyar ƙungiya ya cika, samari sun jingina fartanyoyi a bango. Gwaggo ta zauna a kan ganga. Dillali da Kafinta suna gefe guda suna harar juna, Dogo yana bakin ƙofa shi kaɗai, an bar masa fili kamar mai ƙyanda.

Mai-Sawu ya tsaya a tsakiya. Yana son irin wannan tsayuwa, ya saba jan ta yadda ransa ke so, amma yau bai ja ba.

"Dillali ya je da mota, motar ba ta ɗauki komai ba. Kafinta ya je da safe, sawunsa yana kan raɓa. Su biyun ku sake su." Ya juya ga Kafinta. "In za ka ɗaga akwati, me kake fara yi?"

"In ture dutsen."

"Kowa haka zai yi. Ɓarawo mai sauri haka zai yi, mai niyyar ƙonawa ma haka. To ku je gindin itatuwan ku nemo mini dutse ɗaya. Wanda ya kwashe akwatunan nan ya tafi da duwatsun, don ya san kowanne magana ce, kuma yana nufin mai su ta zo ta karanta. Mutum biyu ne suka iya wannan karatu a garin nan. Ɗaya ga ta zaune a kan ganga." Ya juya ga bakin ƙofa. "Ɗayan ɗana ne. Shi ya kwashe."

Ɗakin ya kaure. Wani saurayi ya riga ya kai hannu ga fartanya.

"Ajiye!" in ji Gwaggo, ba tare da ta kalle shi ba. Ya ajiye. Ta dubi Dogo. "Ina suke?"

"Gonar Inna, Gwaggo."

"Me ya sa?"

"Na roƙe ki kin ƙi. Ni kuma ba zan iya tuge audugar ba, ita ce abincin gidana. Shekarun da nake shuka tsohon iri, feshi nake yi har hannuna ya saɓule, ke kuma kina share gawar zuma da tsintsiya a ƙofar akwati. Kin manta? Na canza iri feshi ya ragu, sai ga wannan kuma. Ko ta ina na juya ke nake cuta. Na ce gara ki tsine mini zumarki tana da tsabta."

"Zancen baki ne," in ji Shugaba. "Gani ya kori ji. Dillali, tayar da mota."

* * *

Bayan dutse, a inuwar itatuwan ƙaya masu fure, akwatunan suna jere a kan gumagumai, bakinsu yana kallon gabas, a tsarin da suke a gida. An zagaye kowane gungume da toka saboda tururuwa. Ga kwano da ruwa an jefa tsinkaye a ciki don kada mai sha ta nitse. Ƙudan suna fita suna shiga kamar a nan aka haife su. A kan kowane murfi kuwa ga dutsensa.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya ɗazu shi ya fara sunkuyar da kai.

Gwaggo ta bi layin a hankali, hannu a baya, tana karantawa. Kwance. Kwance. Kusurwa. Da ta zo na ƙarshe, ta tsaya cak.

"Ka yi kuskure a nan. Wannan a tsaye na bar shi. Sarauniyarsa ta daina ƙwai."

"Ta fara, Gwaggo. Na duba da rana ta fito. Shi ya sa na kwantar."

"Ka buɗe mini akwati?"

"Na buɗe."

Ta miƙa hannu, Kafinta ya sa mata abin hayaƙi ba tare da an ce masa ba. Ta busa, ta ɗaga murfi, ta zaro saƙa ɗaya ta ɗaga ta ga hasken yamma. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta mayar, ta rufe, ta ɗauki dutsen ta kwantar da shi a tsakiya da hannunta.

"To a kira 'yan sandan ne?" in ji Shugaba a hankali.

"A kira su su kama wa? Ni da ɗana ne." Ta nuna Dogo da bakin abin hayaƙin. "Kai kuma kada ka ga haƙorina. Ruwan nan kai za ka riƙa kawowa har audugarka ta zubar da fure, kai za ka mai da su kan ginshiƙan mijina. Baɗi kuma audugar ce za ta zo bayan dutse, ba zumata ba. In masu saye sun sake gwadawa, sai mu ji abin da za su ce. Wanda ya taɓa masa gona kafin nan, ni ya taɓa."

"Na ji, Gwaggo."

Ta juyo ga ƙaninta, wanda ya tsaya can gefe yana haƙar ƙasa da sanda kamar ba da shi ake ba.

"Ka ga jeri? Ka ga toka? Ɓarawon nan ni na koyar da shi."

"Ke?" Mai-Sawu ya ɗago, idonsa ya cika da ruwa, ƙirjinsa kuma ya cika da wani abu da ya fi ƙarfin rigarsa. "Yaya, da kin ga sharar da ya yi wa sawun nan da ba ki faɗi haka ba. Har ganye ya juya! Ni da kaina ya sa na tsuguna har gwiwata ta sage."

"Amma ka kama shi."

"Da duwatsunki na kama shi. Ta wajen aikina bai bar komai ba."

"Lakar kofato fa, Baba?" in ji Dogo.

"Rufe mana baki," in ji Mai-Sawu. "Manya suna magana."